Shekarar da Bishir Ya Yi Shiru a Kotu

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Bishir, wannan babin naku ne. Na gaji da jin magana ɗaya tana yawo a bakin mata wajen suna da biki, wai Bishir ya ji kunyar ubansa gaban 'yan boko, ya ƙi tashi ya kare shi a kotu har gona ta tafi. Ƙarya ce. Kuma ku lura da mai faɗa muku ƙarya ce. Ni ne, Lawal, wanda aka cire daga aji uku na sakandare aka miƙa wa direba ya zama yaron mota don ƙanensa ya samu ya yi karatu. Ba ni da dalilin wanke Bishir. Har yau in ya zo Batsari da motarsa mai sanyi, gaisuwarmu ba ta wuce ta maƙwabta. Amma ina wurin, ku ba ku nan, kuma masu yaɗa maganar ko ƙofar kotun ba su taɓa gani ba.

Ba za ku gane ba sai kun san Yasore ta wancan lokacin. Ku Yasoren da kuka sani wuri ne da ake leƙawa da hantsi a gudo kafin la'asar don tsoron 'yan bindiga. Mu tamu gari ce. Da damina in ka tsaya bayan gidanmu ba ka ganin komai sai gero da dawa sun rufe sama, ga gyaɗa ta shimfiɗu kamar tabarma. Ina tuƙa a-kori-kura tsakanin Batsari da Runka har Safana, in ɗebo rogo in kai, in ɗebo hatsi da awaki in dawo, ba mai tare ka a hanya sai Fulanin da ke son su tura maka ƙwaryar nono ka kai wa wani a gari. Inna 'yar Runka ce, duk zuwana sai ta ɗaura min ƙullin daddawa ko kuka in kai wa yayarta, ita kuma ta maido da man shanu. Baba, Malam Audu, mutum ne mai tsayi, mai kaifin harshe, wanda in ya ce eh ko za a yanka shi ba ya komawa a'a. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai wanga". Bishir kuwa sunansa ba ya fita bakinsa. Ko akuya ta haihu sai an ce bari Bishir ya zo hutu ya gani.

Gonarmu ta gado tana iyaka da ta Malam Isiyaku. Shi da Baba tare aka yi musu kaciya, tare suka yi karatun allo, kuma shekara da shekaru a tabarma ɗaya suke cin tuwo. Iyakar kuwa ciyawar gamba ce da kakanni suka dasa. Da garmar shanu ta shigo, yaran gida biyun kowa in ya zo juyawa sai ya ɗan ci gefe, gamba ta mutu nan ta tsira can, har aka wayi gari akwai wani zirin ƙasa mai kyau, inda ruwa ke kwanciya, wanda kowa ke cewa nasa ne. Ba abin tashin hankali ba ne. Irin wannan dattawa ke kashewa a ƙofar gidan Mai Unguwa, a raba biyu, a dasa sabuwar gamba, a yi fatiha. Haka aka shirya yi. Dattawa suka taka gonar da ƙafarsu, suka dawo suka ce a raba. Malam Isiyaku ya ce ya yarda. Aka juyo ga Baba. A satin nan ne labari ya iso cewa Bishir ya gama jami'a, ya ci jarrabawar karatun shari'a.

"Ba ni rabawa," in ji Baba.

Mai Unguwa ya ce, "Haba Malam Audu, don Allah fa muka zauna."

"Ku zauna don Allah, ni kuma in tashi don Allah. Da can da ba ni da kowa kun raba. Yanzu ɗana lauya ne. Mai jin yana da gona shi same mu a kotu."

Ya kaɗe rigarsa ya bar dattawan gari zaune. Na ga fuskar Malam Isiyaku ranar. Ba fushi ba ne a cikinta, kamar dai wanda ya taka ƙaya a tsakar ɗakinsa.

Da Bishir ya iso aka yanka rago. Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe, 'yan'uwanta suka cika motata daga Runka, ni na ɗauko su kuma ba wanda ya biya ni ko na mai. Tun daga bakin gari ake kiransa Lauya. Wata tsohuwa ta kawo ƙarar surukinta tun kafin ya cire takalmi. Shi kuwa yana ta murmushin yaƙe. Sai da baƙi suka ragu, muna zaure mu uku bayan la'asar, Baba ya zayyana masa maganar gona, ya ce ya shirya. Bishir ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

"Baba, ni fa ban zama lauya ba tukuna."

"To me ka je yi can shekara biyar? Tallar goro?"

"Digiri na yi. Shi digirin shaida ce cewa na san doka. Amma ba a barin mutum ya tsaya gaban alƙali da shi. Akwai wata makaranta ta koyon aikin lauya, sai an je ta kusan shekara guda, a ci jarrabawarta, manyan lauyoyi su tantance halin mutum, sannan a kira shi a ba shi riga da hula, ya sa hannu a kotun ƙoli. Sai ranar nan ya zama lauya."

"Kai wanga, ka ji abin da ƙanenka ke faɗi?"

Na ce, "Na ji. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Mun yanka rago da wuri."

Baba ya harare ni. Ya ce da Bishir mai ilimi ilimi gare shi, ko an ba shi hula ko ba a ba shi ba. Malamin da ya haddace ai ba ya jiran rawani kafin ya ja salla. A nan gizo ya yi saƙarsa. A duniyar Baba, in mutum ya sani, ya sani, ba mai hana shi faɗa. Bai taɓa yarda cewa akwai wurin da za a ce ka sani amma ba ka da izinin buɗe baki ba. Bishir ya yi bayani har ya gaji, Baba ya ɗauka tawali'u ne irin na yaron kirki.

Ita kanta makarantar ba a shigarta da an gama. Jami'a ce ke tura sunayen ɗalibanta, kuma kowace jami'a da iyakar adadin da za a karɓar mata, saboda haka Bishir ya zauna gida wata da watanni yana jiran layi ya zo kansa. Ya koma gona, lauyan gari da fartanya. Samari suna wucewa suna ce masa, "Ranka ya daɗe, a ɗage zaman noman zuwa gobe mana." Da sunansa ya fito, ba a tambaye shi inda yake so ba, aka jefa shi can kudancin ƙasar nan inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ni na kai shi kasuwa a Katsina muka sayi baƙar kwat da fararen riguna da baƙin takalmi, don a can ba a shiga aji da kaftani. Ba zan faɗi abin da na sayar ba kafin a yi wannan hidima, wanda ya sani ya sani. Yakan bugo waya a wayata, in kai wa Inna ɗaki. Wata rana ya ce mata yau suna da liyafa, dole kowane ɗalibi ya zauna ya ci abinci da cokali da wuƙa gaban manyan lauyoyi, wanda bai halarta ba ba za a kira shi ba ko da ya fi kowa ƙoƙari.

Inna ta riƙe haɓa. "Yau na ji abin da ya fi ƙarfina. Cin abincin ma sai an koya maka? To ni me na yi shekara ashirin?"

"Inna, al'adar aikin ce."

"Ka dai yi bisimilla, kuma ka duba naman da kyau."

Ranar har Baba ya yi dariya. Ina tuna dariyar nan domin daga ita ban ƙara jin irinta a gidan ba sai bayan lokaci mai tsawo.

'Ya'yan Malam Isiyaku ba su tsaya jira ba. Tunda an ce musu kotu, suka ce to. Kuma tunda an tsorata su da lauya, ba su je kotun Batsari ba inda ɗan'uwa ke iya tsaya wa ɗan'uwa wakili, suka ɗauki nasu lauyan suka shigar da ƙara babbar kotu a Katsina. A can doka biyu ce, ko ka tsaya da bakinka, ko lauya ya tsaya maka. Bishir ya roƙi Baba ta waya ya ɗauki lauya, har ya ce ya san wani mutumin Safana da zai karɓa da sauƙi. Ni ma na yi magana. Baba ya ce mai rijiya a gida ba ya sayen ruwan garwa, kuma in ya yi hayar ɗan wani, da wane ido zai dubi mutanen Yasore? Duk zaman da aka yi ni ke kai shi, duk zaman magana ɗaya yake yi, a jira ɗansa. Mai shari'ar mutum ne mai haƙuri, ya ɗaga, ya sake ɗagawa, har ya ce wannan ɗagawar ita ce ta ƙarshe.

To a tsarin makarantar akwai lokacin da ake sallamar ɗalibai su je su zauna a kotu suna kallon yadda ake aiki, daga nan su koma ofishin wani lauya su ga yadda ake shirya takardu. Kallo kawai, da rubutu. Bishir ya zaɓi Katsina don ya kusanci gida. Zaman Baba na ƙarshe ya faɗo cikin wannan lokacin, a harabar da aka tura Bishir. Da Baba ya ji haka ya ce Allah ya yi ikonsa. Ya sa aka wanke masa babbar rigarsa ta Salla, ya gaya wa duk wanda ya gamu da shi a masallaci cewa gobe za a ga aiki.

Da safen na bar Baba a mota na sami Bishir wurin mai shayi a bakin kotun, cikin kwat ɗinsa, ya rame, shayin na gabansa bai taɓa ba.

"Yaya, zan tashi," ya ce. "Ko kalma biyu ce in faɗa. Ba zan iya kallonsa shi kaɗai ba."

"In ka tashi me zai faru?"

"Laifi ne. Wanda ba a kira ba ya yi aikin lauya, za a kai rahoto makaranta. Wajen tantance hali za su ce ban cancanta ba. Ƙila ba za a taɓa kira na ba."

"Kuma in ka tashi gonar za ta dawo?"

Ya ce ba za ta dawo ba, don ba za a ma saurare shi ba.

Na ce, "To ka ji ni da kyau. Ni na fi ka iya lissafi a aji, ka tambayi duk wanda ya san mu. Aka cire ni aka bar ka. Shekarun da ka yi kana juya takarda ni ina ƙarƙashin mota ina shan baƙin mai. Wannan karatun ba naka ba ne kai kaɗai. In ka miƙe a cikin ɗakin can ka zubar da shi don tsoho ya ji daɗi na minti ɗaya, wallahi ni da kai har abada. Ka zauna ka cije."

Ban yi nadamar wannan magana ba, kuma ko yau aka maimaita haka zan faɗa.

Aka shiga. Lauyoyi a gaba da baƙaƙen rigunansu da hular gashi, ɗalibai a gefe kan benci, cikinsu har da Bishir. Malam Isiyaku yana can ɗaya ɓangaren da 'ya'yansa, bai ɗaga kai ba. Aka kira ƙara. Baba ya miƙe cikin rigar Salla, tafinta ya tambaye shi ko yana da lauya. Baba ya juya, ya miƙa hannu, da murya irin wadda yake kiran yara daga ƙarshen gona.

"Ranka shi daɗe, yau kam ga shi can. Bishir, taso."

Bishir ya dafa benci ya yi rabin miƙewa. Na zuba masa ido. Ya rusuna wa mai shari'a, ya koma ya zauna, ya kafa idonsa a ƙasa.

"Bishir. Da kai nake. Taso mana."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Mai shari'a ya ajiye alƙalaminsa, ya bar Turanci ya yi wa Baba Hausa da bakinsa. Ya ce Malam, yaron nan ɗalibi ne, doka ba ta ba shi baki a nan ba tukuna, kuma zaman da ya yi shi ne daidai. Ya ce ko yanzu in Baba na son ɗaukar lauya zai duba. Amma Baba ba ya jin kowa a lokacin. Bishir yake kallo. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya gyara rigarsa ya ce ya yafe lauya, zai yi da bakinsa. Ya yi kuwa. Ya ba da tarihin gonar tun daga kakansa, da shekarar fari, da wanda ya dasa gamba. Aka ce ina shaidu. Shaidunsa su ne dattawan da ya bari zaune a ƙofar Mai Unguwa, kuma ba ɗayansu da ya yarda ya shiga mota zuwa Katsina don mutumin da ya watsa musu ƙasa a ido. Wancan ɓangaren kuwa sun zo da nasu. Ba sai na faɗa muku yadda hukunci ya kasance ba. Zirin da aka ce a raba biyu, duka ya tafi.

Muka kamo hanyar dawowa daga Katsina har muka wuce Batsari. Sai da muka karya kwanar Yasore Baba ya ce, ba da ni yake ba, da gilashin mota yake, "Ya ji ni. Sau biyu na kira shi." Daga nan maganar da kuke ji ta samo asali. Bai ƙara karɓar wayar Bishir ba. In na kawo sai ya ce a kai wa uwarsa. Bishir ya koma kudu ya rubuta jarrabawar ƙarshe da wannan a ransa, jarrabawar da in ka faɗi darasi ɗaya sauran ba su cece ka ba. Ya ci. Aka tantance shi, aka sa ranar kira a Abuja, aka ce ya zo da baƙinsa. Baba ya ce ƙafarsa na ciwo. Inna ba ta zuwa inda Baba bai je ba. Ni na je, direban a-kori-kura cikin manyan mutane, na zauna can baya ina kallon ɗaruruwan yara cikin baƙar riga, aka ba su izini suka ɗora hular gashi lokaci guda. Ban gane wanne ne Bishir ba sai da ya juyo yana nema na. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye, kuma har yau ban san ko na murna ne ko na wani abu ba. Washegari na raka shi kotun ƙoli ya sa hannu, na jira shi a waje wurin masu sayar da lemo.

Muka dawo Yasore da kaka, ana ta ɗaurin dawa. Wannan karon ba rago, ba guɗa. Inna ce ta matsa sai ya sa kayan ta gani. Ya sa a tsakar gida, kaji na gudu, ta zagaya shi tana cewa wannan hula ai wutsiyar doki ce, wa ya ce musu ado ne. Baba na ƙarƙashin rumfa yana cin tuwon rana, kamar bai san ana yi ba. Bishir ya je ya durƙusa gabansa da rigar da hular.

"An ba ka bakin?" in ji Baba.

"An ba ni, Baba. Kuma akwai hanya. Lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, amma ana iya roƙon kotu ta ƙara. Ni zan tsaya da kaina."

"A'a. Isiyaku ya shuka gyaɗa a wurin, ya cire. Ba ni sake shiga mota don ƙasa." Ya ajiye lomar da ke hannunsa. "Tunda an ba ka baki, ga aikinka na fari. Cire gashin ga, ka sa hula kamar ɗan mutane. Ka tafi wurin Isiyaku, ka tafi wurin Mai Unguwa. Ka ce Audu ya ce shi ne ya tashi ya bar mutane zaune. Ka iya tsara magana, ka tsara ta yadda za su karɓa. Kai wanga, kai shi."

Na kai shi a babur. Na tsaya a ƙofar zaure, ban ji abin da ya faɗa ba, amma na ga Malam Isiyaku ya fito yana neman takalminsa, ya ce ba sai an ɗauke shi ba, ya san hanya. Da muka koma gida Baba na nan inda muka bar shi, kuma bai cinye tuwon ba. Ya rage rabi ya rufe da faifai. Bai dubi Bishir ba, ya dai sa bayan hannunsa ya tura kwanon gaban Bishir.

"Ci," ya ce.

Ku da kuka tashi a gari ba ku san ragowar uba ba. Ba a ba wanda ake fushi da shi. Bishir ya ci yana kuka, lauya guda da miyar kuka a haɓa. Ni ina tsaye riƙe da makullin babur, ba a tura min komai ba, ba a kuma taɓa tambayar wa ya zaunar da shi a bencin kotun nan ba. Baba ya rasu bai sani ba, Bishir kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko ku. To yanzu kun sani. Ubanku bai ji kunyar ubansa ba. Ni na ce ya zauna. Duk wadda ke da sauran magana a kai ta bar faɗa wajen biki, ta zo tashar Batsari ta tambayi Lawal.